Taurarin finafinan da da na yanzu: ina bambancin yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske taurarin finafinan yanzu ba su da zurfin hali kamar na da, ko kuwa shekaru ne suka ja har muka daina jin daɗin abin da matasa ke so. Ka ce kakan kalli fim ɗin da aka kashe wa maƙudan kuɗi, amma washegari ko sunan jarumin ba ka iya tunawa. A ganina raunin na gaske ne, sai dai ya fi yawa a manyan finafinan kasuwa, musamman na Hollywood, don haka su zan jera da takwarorinsu na shekarun baya.

Akwai abin da ya kamata mu cire tun farko, domin kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A shekarun 1930 da 1940 kamfanonin Amurka suna fitar da ɗaruruwan finafinai kowace shekara, kuma mafi yawansu an manta da su saboda ba su da abin tunawa. Waɗanda suka iso gare mu zaɓaɓɓu ne, na bana kuwa muna kallonsu da kyawawansu da tarkacensu. To amma ko an cire wannan, da sauran magana.

Babban bambancin yana wajen zaɓi. A ingantaccen fim na da, tauraro yana da abin da yake nema, yana kuma da wani aibi a halinsa wanda ke hana shi samu, kuma labarin yakan kai shi inda dole ya rasa ɗaya daga cikin abubuwa biyu da yake ƙauna: ko ya riƙe amanar aboki ya rasa matsayinsa, ko ya faɗi gaskiya ya tozarta gidansu. Abin da ya zaɓa shi ke nuna mana ko wane ne shi, kuma zaɓin ne ke haifar da abin da zai biyo baya. A babban fim na yanzu kuwa, sai a nuna mana cikin 'yan mintuna cewa iyayen jarumi sun mutu yana ƙarami, a ɗauka an gama gina shi ke nan. Daga nan ba ya yanke shawarar komai, al'amura ne ke tura shi daga wannan faɗa zuwa wancan. Idan ka cire shi ka sa wani a gurbinsa, labarin zai tafi yadda yake ba tare da ya girgiza ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ko mutuwa ta daina zama asara, domin mai kallo ya san za a iya dawo da mamacin a kashi na gaba, saboda haka babu dalilin da zai sa ya zubar masa da hawaye.

Haka abin yake ga mugu. Na da yakan kasance da hujjar da za ka fahimta ko da ba ka yarda da ita ba, na yanzu kuwa sau da yawa burinsa ya hallaka duniya gaba ɗaya. Babu wanda ke fargabar duniya za ta ƙare a fim, amma kowa ya san zafin mutuwar aure ko cin amana.

Ta fuskar zance ma akwai tazara. Daga 1934 zuwa 1968 finafinan Hollywood suna ƙarƙashin tsauraran dokokin tacewa, kuma ba ina yabon takurawar ba ne, amma ta tilasta wa marubuta su koyi isar da saƙo ta hanyar hannunka-mai-sanda, da kallo, da shiru. Tauraro yakan faɗi abu ɗaya alhali zuciyarsa na kan wani, mai kallo kuma ya gano da kansa. Yanzu jarumi kan buɗe baki ya zayyana duk abin da ke ransa kamar mai karanta rahoto, kuma da zarar fitowa ta fara taɓa zuciya sai a jefo barkwanci a kashe ta. Hoton ma ba ya tsayawa: a da kyamara takan zauna kan fuska kimanin sakan 10 kafin a yanka, yanzu kuwa 'yan sakanni ƙalilan ne, alhali sauyin zuciya yana buƙatar lokaci kafin ya bayyana a fuska.

Ba na jin basira ce ta ƙare. Lissafin kuɗi ne ya sauya. Fim ɗin da ya ci sama da dala miliyan 200, ban da kuɗin talla, dole ya sayu a kowace nahiya, kuma faɗa da siddabarun kwamfuta sun fi zance mai zurfi saurin tsallake shingen harshe. Shi ya sa kamfanoni suka fi amincewa da sunan da jama'a suka riga suka sani. Kamfanin Disney ya sayi Marvel, mai jarumai irin su Iron Man, a 2009, ya sayi Lucasfilm, mai finafinan Star Wars, a 2012, kowanne a kan kimanin dala biliyan 4, kuma wanda ya zuba irin wannan jari da wuya ya bar marubuci ya sauya halin tauraron ko ya kashe shi har abada. A ɗaya gefen, cinikin faifan DVD, wanda a da yake mayar wa matsakaitan finafinai da kuɗinsu, ya durƙushe bayan tsakiyar shekarun 2000, kuma irin waɗannan finafinan ne suka fi dogara da labari da hali. Marubutan su kansu sun koka: a yajin aikin da suka yi a Hollywood a 2023, wanda ya ɗauki kwana 148, cikin ƙorafinsu har da rage yawan marubuta da gajarta lokacin da ake ɗaukarsu aiki.

Duk da haka, akwai inda na yanzu suka yi zarra. Wasan 'yan fim ya fi kama da rayuwa, mata sun fi samun matsayi mai nauyi, kuma finafinai masu dogon zango suna ba tauraro sa'o'i da yawa ya sauya a hankali, ko da yake wasunsu jan labari kawai suke yi. Finafinan Iran sun ci kyautar Oscar ta fim ɗin harshen waje a 2012 da 2017, a 2020 kuma fim ɗin Koriya ta Kudu ya zama na farko da ba na Turanci ba da ya lashe babbar kyautar, wato ta fim mafi kyau, kuma dukansu a kan iyali da talauci da amana aka gina su. Idan irin taurarin da kake kewa ne kake nema, ɗan'uwa, ka fara da finafinan waɗannan ƙasashe biyu, sannan ka riƙa duba sunan marubuci da na darakta kafin ka duba na jarumi.