Hannun giyar keke mai naɗewa ya mutu, an daina yin irinsa: wanne za ka saya?

Yawancin kekuna masu naɗewa da ake hawa a ƙauyukan Kano da Jigawa na gwanjo ne, taya inci 20, giya 6 ko 7, da hannun giya irin na murɗawa. Shi ke fara mutuwa, domin cikinsa roba ce, ƙurar hunturu ta shiga ta cinye haƙoran. Ka je nema a ce maka kamfani ya daina yi. Kada ka wahalar da kanka neman irinsa sak, wanda zai ja waya daidai kawai kake bukata.

Kafin ka fita, duƙa ka dubi tayar baya. In faifan haƙora ɗaya ka gani, giyar tana cikin cibiyar taya, kamar Shimano Nexus mai giya 3 ko Sturmey-Archer, to sai hannun da aka yi dominta. In faifai ne a jere, ƙirga su, ka karanta sunan da ke jikin ƙarfen da ke tura sarƙa.

Zaɓin da ya fi dacewa da mutumin karkara shi ne ɗan hannun ƙarfe da ake turawa da babban yatsa, wanda ba ya ƙas-ƙas. SunRace na yin irinsa. Ba ruwansa da yawan faifai, 5 ne ko 8, ba ruwansa da kamfanin da ya yi abin tura sarƙar. Kai ne za ka tura har ka ji sarƙa ta zauna ta yi shiru. Waya ta ɗan saki, ko keken ya faɗi ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, zai ci gaba da aiki. In ya fara zamewa giya tana saukowa da kanta, ƙara matse notin samansa, shi ke nan. Kwana biyu hannu ya saba. Maɗaurinsa na kan keke mai kaurin milimita 22.2 ne, wanda shi ne na galibin waɗannan kekuna. Sai dai ka haɗa da sabuwar robar riƙo, don ta ɓangaren mai murɗawa gajera ce. Bayan ɗaurawa a daidaita sukurori biyu masu alamar H da L da ke jikin ƙarfen tura sarƙa, kada sarƙa ta faɗa cikin taya.

Sabon mai murɗawa, irin RevoShift na Shimano, ciwon jiya ne za ka sake saya. Mai ƙas-ƙas kamar Shimano SL-TX30 yana da daɗi, amma dole lambarsa ta yi daidai da faifanka: tazarar faifai milimita 5.5 ce a giya 6, milimita 5 a giya 7, shi ya sa na 7 ba ya zama a kan 6. Hannun giya na kamfanin SRAM, X3 da X4, ba sa tafiya da kayan Shimano, amma MRX ɗinsu yana yi.

Yanzu batun jabu, wanda ya fi komai cin kuɗin mutane. Ko a Sabon Gari ne ko a rumfar mai kayan keke ranar kasuwar Wudil, kada kwali ya ruɗe ka, fito da abin ka riƙe. Na Shimano na gaskiya yana da lamba mai farawa da SL a jikinsa, duba ko an rubuta sunan daidai, domin masu jabu kan sauya harafi ɗaya. Ƙirga ƙarar da kanka: mai giya 7 sau 6 yake ƙas, mai giya 6 sau 5. Maɗaurin da aka yi da roba zai tsage ranar da aka matse shi. Akwai kuma tsohon da aka wanke da mai aka sa a leda, dubi kan sukurorin, in sun ci sukundireba ba sabo ba ne.

Wani ha'incin a waya yake. Ta giya siririya ce, milimita 1.2, da ɗan ƙaramin kai. Ta birki ta fi kauri, ba ta shiga. In mai kaya ya ce "Alhaji, duk ɗaya ne, a goge kan kawai", ajiye masa. Haka rigar wayar: kada a taɓa sa ta giya a birki, fashewa take yi.

Kuma kada mai gyara ya yanke waya keken yana miƙe. A naɗe shi tukuna, a naɗe wuyan ma, a ga rigar ta zagaya mahaɗar ba ta ɗame ba, sannan a yanka.