Libarba ko fistol a aljihu, da kuben da ya dace da kowacce

Alhaji, ka ce kana zaune a Huston ta jihar Teksas da katin zama na dindindin, kana zuwa gida Kaduna lokacin sallah, kuma ka rasa ƙaramar bindigar da za ka zaɓa tsakanin Smith & Wesson 642 da Ruger LCP Max don ɗauka a aljihu. Ka kuma tambaya ko za ka iya shigowa da ita gida.

Wannan ta ƙarshe amsarta a'a. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta jera libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sahu ɗaya da bindigogin soja. Lasisinsu daga shugaban ƙasa yake fitowa, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ke jiransa. Takardar Teksas ba ta da amfani a filin jirgin Abuja ko a shingen Kawo. Harsashi ɗaya da ya maƙale a ƙasan jaka ma ya isa ya ɓata maka sallah, saboda haka ka zazzage jakunkunanka kafin kowace tafiya. A can Teksas kuwa, tun 1 ga Satumban 2021 mai shekara 21 da doka ba ta hana shi ba yana iya ɗauka babu lasisi, ban da wurare irin su makarantu da kotuna da rumfunan zaɓe.

To, ga bindigogin. 642 libarba ce, gangarta na ɗaukar harsashi 5 na .38 Special, nauyinta ya ɗan haura giram 400. Gudumarta, wato ƙarfen da ke buguwa harsashi ya tashi, a ɓoye take cikin jiki, ba ta kama bakin aljihu in an zaro. Kunamarta na da tauri, kusan kilo 5 na ƙarfin yatsa, kuma taurin nan kariya ne daga tashin harbi ba da niyya ba, sai dai yana karkatar da saitin wanda bai saba ba. Idan harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai za ka yi, ganga ta juyo da na gaba. Aibinta biyu: faɗin gangar ya kai milimita 33, yana tasowa a cinya kamar an cusa lemon tsami, sannan sake loda ta akwai ɓata lokaci.

LCP Max kuwa fistol ce, ta fito a 2021. Magazin ɗinta, wato gidan harsasai, na cin harsashi 10 na .380, ɗaya kuma a ɗaki, wato wurin da harsashi ke zama a shirye don harbi, nauyinta wajen giram 300, kaurin murfin samanta bai wuce milimita 21 ba. A aljihu kamar waya take. Amma tana da sharuɗɗa. Murfin samanta sai ya ja baya ya dawo kafin harsashi na gaba ya shiga, kuma yana buƙatar riƙo mai ƙarfi da zai dogara da shi. In wuyan hannu ya saki, kwanson da aka harba sai ya maƙale a tagar fita, bindiga ta tsaya. Mai babban hannu da ya ɗaga riƙonsa sama, murfin kan yanke shi tsakanin babban yatsa da manuni. Gutsuren zare da ƙurar aljihu kuma sun fi damunta fiye da libarba, sai ana share ta kowane mako. Kada ka amince da ita sai ka harba mata aƙalla harsashi 200 a filin koyo, da irin wanda za ka riƙa ɗauka a ciki, ba ta tsaya ba. Kada rashin nauyi ya ruɗe ka: dukansu biyu suna naushin tafin hannu fiye da manyan fistol, domin babu nauyin da zai shanye turin.

A ganina, wanda ba zai samu zuwa atisaye akai-akai ba ya ɗauki 642. Wanda zai riƙa zuwa duk wata, LCP Max ta ninka masa harsasai.

Kube ne inda mutane suka fi yin sakaci, kuma nan ne wasu masu harbin cinyarsu suke shiga uku. Dole ya rufe kunama ta ɓangarorin biyu, ya kasance an yi shi don wannan samfurin. Kuben aljihu irin DeSantis Nemesis bayansa na da kaushi, yana riƙe yadin aljihu ya tsaya a ciki in an zaro bindiga. Ka gwada da bindiga babu harsashi: in ta fito sanye da kubenta, bai yi ba. Aljihun nan ya zama nata ita kaɗai, babu makulli, babu carbi, babu canji, don makulli na iya kutsawa ya danna kunama. In za ka mayar da ita, fito da kuben waje, sa ta a ciki, sannan ka mayar da su tare. Kuben fata yana laushi da gumi, bakinsa ya lanƙwashe zuwa wajen kunama. Da ka ga haka ka jefar. Na Kydex, wato roba mai tauri da ake maƙalawa cikin ƙugu, ya fi saurin zarowa musamman a zaune cikin mota, inda aljihun wando ke matsewa, amma sai da bel mai ƙarfi.

Sai kayanmu na gida, tunda ranar Juma'a da taron biki kaftani kake sawa ko a can. Wandon zariya ba ya riƙe kuben ƙugu, nauyin giram 300 ma sai ya rinjaye shi. Aljihun gefen kaftani kuma lilo yake yi, ya bugi ƙofa, ya juya bakin bindiga inda ba ka so, kuma shadda mai sitati tana nuna siffar duk abin da ke ƙarƙashinta. Gyaran a wurin tela yake: ya ɗinka maka wando mai madaukan bel, da aljihun gaba mai zurfi na yadi mai kauri, ya bar tsagar gefen riga ta isa hannu ya shiga. Ka kai masa kuben kawai ya auna.