Kafin ka sayi kirifto, bincika wa ke da ikon sauya dokarsa

A Gusau yawancin masu sayen kirifto farashi kawai suke kallo, alhali abin da ya fi cancanta a bincika shi ne yadda ake amincewa da gyara a tsarin kuɗin, domin wanda ke iya sauya doka dare ɗaya yana iya karya darajar abin da ke hannunka.

A wannan fanni hankalina ya fi kwanciya da Bitcoin, kuma nawarsa ce ta jawo ni. Mai son gyara sai ya rubuta shawarar da ake kira BIP, a yi ta muhawara a kanta, wani lokaci har shekaru, sannan masu haƙa, wato masu kwamfutocin da ke tabbatar da ciniki ana biyansu da sabon Bitcoin, su nuna amincewarsu. Ko sun amince ma, dubban mutanen da ke riƙe da kundin cinikin Bitcoin a kwamfutocinsu suna da damar ƙin sabuwar manhajar. Wani gyaran Bitcoin da ake kira Taproot bai fara aiki ba sai a Nuwamban 2021, bayan goyon bayan masu haƙa ya kai kashi 90 cikin ɗari. Da aka kasa jituwa kan girman bulok, wato shafin kundin da ake rubuta ciniki a ciki, a 2017, ba a tilasta wa kowa ba, masu son faɗaɗa shi suka ɓalle da nasu kuɗin mai suna Bitcoin Cash ranar 1 ga Agusta.

Ethereum, wani kirifton daban, ya fi sauri, kuma barin haƙa da ya yi ranar 15 ga Satumba 2022 ya tafi lami lafiya, sai dai ban manta cewa a 2016 an sauya dokarsa don a maido da kuɗin da aka kwashe daga wani asusun zuba jari na haɗin gwiwa mai suna DAO ba. A kirifton Tezos da na Polkadot kuwa nauyin ƙuri'a gwargwadon kuɗin mutum ne, wato attajiri ne mai magana.

Inda na ƙone shi ne gyaran bogi. Wani saƙo ya shigo zaurenmu na WhatsApp cewa za a sabunta tsari, duk wanda bai tabbatar da walat ɗinsa, wato ma'ajiyar kiriftonsa, kafin Juma'a ba zai yi asara. Na shigar da kalmomin sirrina 12, waɗanda su ne mabuɗin walat ɗina, kafin la'asar kuɗin buhunan waken da na sayar sun tafi. Gyara na gaskiya ba ya neman waɗannan kalmomi, ba ya buƙatar ka tura kuɗi ko'ina, ba ya zuwa da wa'adin tsoratarwa daga wani da ke kiranka "Yallabai". A 2022 ma 'yan damfara sun yi ta tallar musanya ETH, kuɗin Ethereum, da wani wai shi ETH2, alhali tsohon kuɗin bai motsa daga walat ɗin kowa ba.