Onikan ko Lekki: ina za ka kai Baba?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi inda ya fi dacewa ka kai Baba yawon buɗe ido a Legas. Tsakanin Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan da gidan zane-zanen Nike da ke Lekki, tunda yini ɗaya gare ku kuma dattijo ne baƙon, kai shi Onikan kawai.

A can motar Janar Murtala take, baƙar Marsandin da aka harbe shi a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyar barikin Dodan. Har yau ramukan harsashi na nan a jikinta. Lokacin da kawuna ya zo daga Kano ganin likita, can na kai shi. Ya daɗe tsaye gaban motar nan, ya ɗaga hannu ya yi wa marigayin addu'a, sannan ya shiga ba ni labarin yadda Kano ta ruɗe da kuka ranar da aka kawo gawar. Da ƙyar na janye shi zuwa sauran ɗakunan.

Su ma ɗakunan ba na rainawa ba ne. Tun 1957 aka buɗe gidan, akwai kayan tagulla na Benin, akwai kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, har da wanda aka tono a Jama'a, kudancin Kaduna. Wato Baba ba tarihin wasu kaɗai zai gani ba, har da na gida. Idan kun fito da sauran ƙarfi, Dandalin Tafawa Balewa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960, yana nan kusa. Obalende ma ba nisa, ku yi salla ku ci abinci cikin 'yan uwa.

Gidan Nike kuwa, ba laifi, yana da kyau, kuma adire, rinannen yadin Yarabawa, zai tuna masa da rinin Ƙofar Mata. Amma bene ne hawa-hawa, ga cunkoson hanyar Lekki, yawancin kayan kuma na sayarwa ne a farashin masu hannu da shuni. Na matasa ne masu son ɗaukar hoto.

Sai gargaɗi, ko da ba ka tambaya ba. Duk wanda ya tare ku a titi ko a kasuwar kayan sassaƙa yana raɗa muku cewa yana da tsohon kan Nok ko tagullar Benin ta asali, ku wuce. Sabon ƙira ne ake birnewa a ƙasa ko a shafe shi da baƙi don ya yi kama da na da. In ma na gaskiyar ne, doka ta hana cinikinsa ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Idan tsaraba kuke so, ku sayi sabon aiki a matsayin sabo, ku taya sosai, kada ku biya kuɗin farko da aka faɗa.

Ku fita da sassafe, kafin gadar Third Mainland ta cushe. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.