Na kai ƙasar lambuna an auna ƙarfen da ke cikinta

Lambuna yana bakin kogin Challawa, kusa da Panshekara, kuma gado ne daga mahaifina. Duk mai noman rani a nan ya san ranar da kamfanonin fata suka saki ruwa: kogi ya sauya launi, wari ya tashi. Shekara da shekaru muna ban ruwa da shi, muna cewa Allah ya kiyaye.

Zamfara ce ta tsaya mini a rai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Gubar tana cikin ƙasar tsakar gida, inda ake dakan dutsen zinare, kuma ido ba ya ganinta. Ni kuwa jikokina suna cin latas ɗin da nake shukawa. Wannan ya sa bana na nemi wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin Kano.

Zuwana na farko, a tsohon buhun taki na cuso ƙasar. Malamar da ke karɓar kaya ta leƙa, ta girgiza kai.

"Baba, wannan ai takin za mu auna, ba lambunka ba."

Ta zaunar da ni, ta zana mini a takarda. In haƙa zurfin santimita 20, in ɗebo daga wuri goma, in cakuɗa a bokitin roba mai tsabta, ban da na ƙarfe. Ta bakin kwatar ruwa daban, ta can tudu daban. In shanya a inuwa. Wallahi tun daga nan na yarda da wurin, don da kuɗina kawai suke so, da sun karɓi buhun sun yi shiru.

Da na dawo na roƙa a bar ni in gani, aka kuma bar ni. Sun niƙa ƙasar, suka tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, suka auni 'yar kaɗan wadda ba ta cika cokalin shayi ba. Aka zuba mata asid, aka ɗora a kan wuta cikin wani kabad mai zuƙe hayaki. Hayaki jaja-jaja ya yi ta tashi har ƙarfen ya narke, aka tace, ruwan ya fito garau. Shi ake ba na'urar da suke kira AAS. Tana tsotsarsa ta siririn bututu ta fesa cikin harshen wuta, haske ya ratsa, a karanta yawan hasken da ƙarfen ya shanye. Kowane ƙarfe da fitilarsa, shi ya sa kuɗin ma kowane ƙarfe da nasa. Uku na zaɓa: dalma, da kadmiyam, da kuromiyam wanda ake jimar fata da shi.

Inda suka ɓata mini rai biyu ne. Sati ɗaya aka ce mini, ya zama uku, wai gas ɗin na'urar ya ƙare, kuma ba wanda ya kira ni. Na biyun ya fi ciwo: takardar sakamako da Turanci take, Pb, Cd, Cr, mg/kg, sai lambobi tsirara. Manomi ya yi yaya da wannan?

Malamar ce ta sake ceto ni. Ta ce lambar tana nufin miligiram nawa ne na ƙarfe a kilo ɗaya na ƙasa, kuma 400 ne ma'aunin dalma da aka yi aiki da shi wajen tsabtace gidajen Zamfara. Tawa ba ta kai ko kusa ba, alhamdulillahi. Amma kuromiyam na bakin kwata ya ɗara na tudu nesa ba kusa ba, kadmiyam ma ya ɗan hau. Ba ta ɓoye mini iyakar gwajin ba: ya faɗi abin da ke ƙasa, bai faɗi abin da ya shiga ganye ba, kuma kayan ganye sun fi jan kadmiyam.

Aikinsu ya ci kuɗinsa, sai dai wanda zai je kada ya fito sai an fassara masa takardar. Ni dai na cire latas da alayyahu daga fangalin bakin kwata, kuma ranar Litinin zan kai musu ganyen da ruwan kogin a gora.