Abin da anka gani ga hantata nan Liyon

Salamu alaikum Yaya, ina Inna da yara, ya zafin Tawa? Kun ji ni shiru kwana biyu, asibiti nike ta zarya amma kar hankalinku shi tashi, lahiyata lau.

Analiz ɗin jini ne na yi na shekara, lokotorona ta ce wasu lambobin hanta sun ɗan hau, ta aike ni ekografi anka ga kitse ya lulluɓe hantar. Ni ko na ce mata Madam ni ban taɓa kurɓar giya ba tun da uwata ta haife ni, ta yi dariya ta ce wanga ba ruwanshi da giya, tumbi ne da sukari da zaman wuri ɗaya. To mutumin da shina tuƙin mota awa tara, ga shayi da sukari cokali huɗu, ga lemun kwalba, mi zan ce?

Sai ta ɗauki shekaruna da ASAT da ALAT, lambobin hantar nan, da plaket, ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, ta buga cikin kwamfuta, lissahin sunanshi FIB-4. In ya yi ƙasa da 1,3 sai a bar ka ka tahi gida, in ya wuce 2,67 akwai magana, nawa ya faɗa tsakiya, shi ya sa anka tura ni wurin na'urar FibroScan. Ƙirar nan Faransa ce ma. Randebu kam sai da na jira wata biyu da rabi, ƙasar ga ko kana da kuɗi layi sai ka bi shi, amma aikin kanshi bai kai minti goma ba. Na yi awa ukku ban ci komi ba, na kwanta rigingine na ɗaga hannun dama bayan kai, matar ta aza wani abu tsakanin haƙarƙarina yana ɗan bugu kamar an ɗalle ka da yatsa, sau goma. Taurin hanta yake aunawa, in ta yi tabo takan yi tauri. Nawa 6 da ɗan wani abu, ta ce ƙasa da 8 da sauƙi, kitsen dai na da yawa, in rage kilo kamar 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyina. Da can allura ake sokawa a tsinko ɗan naman hanta, yanzu sai in ta kama dole. Kart bital da mutuwel, wato inshorar lahiya ta gwamnati da ta ƙari, sunka biya, ko dala ban fidda ba.

Ina kwance nan wallahi Baba na tuno, Allah shi jiƙanshi, yadda cikinshi ya kumbura idanu sunka yi ɗorawa, munka yi ta jiƙe-jiƙen shawara ana cewa sammu ne, sai da ta ƙure anka kai shi Yamai. Hanta ba ta kuka da wuri.

Yaya tumbinka ya fi nawa, kada ka yi gardama na ga hoton salla. Wancan lissahi na farko ba ya son wata na'ura, jini ne kawai, ka tahi labo nan Tawa a yi maka ASAT, ALAT da plaket, ka haɗa da gwajin epatit B tunda ita tafi yi muna ɓarna can gida, Inna ma a yi mata. Zan turo kuɗin ran Juma'a, ka kai ma lokotoro takardar kuma ka ɗauko mini hotonta ta WhatsApp. Cukun da kunka ce za a ba ɗan Kwanni shi kawo mini a dai kawo shi, kilishin ma haka, ita Madam lokotoro ba sai ta sani ba.