Burodin boga a Jos: oben ko tukunyar yashi?

Kwaɓin iri ɗaya ne: fulawa rabin kilo, madara mai ɗumi, yis, ƙwai ɗaya, bota da ɗan sukari, a cura gida 8. Wajen gashi ne hanya ta rabu.

Oben ya fi sauri. A zafin digiri 190, minti 15 zuwa 18 ya isa, saman ya yi ja, riɗin da aka barbaɗa ya gasu yana ƙamshi. Sai dai in na lantarki ne, aka ɗauke wuta ana tsakar gashi, burodin ya kwanta ke nan.

Tukunya kuwa sai da haƙuri. A zuba yashi mai tsabta a gindinta, ya ɗauki zafi sosai, a ɗora faranti a kan ƙaramin ƙarfe, a rufe ruf. Takan ci kusan rabin awa, kuma saman kan fito fari fat, shi ya sa nake zuba garwashi a kan murfin. Amma laushin cikin nan, in kin matsa da yatsa ya dawo, shi ya sa ni ƙaunarta.

A sanyin Disamba na Jos ma tana da rana: kusa da ita nake ajiye sauran kwaɓin, a lulluɓe, ɗuminta ya tayar da shi.